Mutumin da Muka Tarar a Gaba ta Huɗu

Kalgo, 12 ga Rajab, 1341

Daga mahaifinki Albarka, wanda karatunsa ya kai izu ashirin ya zauna ya ƙi tashi, zuwa ga ɗiyata Hadijatu a Gwandu, gidan Malam Abdulgani. Gaisuwa mai yawa gare ki, da maigidanki, da yara, da matan da ke ɗaukar karatu a wurinki.

Mu nan lafiya lau, sai zafi. Haƙorina na baya ya faɗi ranar Talata cikin tuwo, ban yi kewarsa ba, dama ba ya wani aiki sai ciwo. Innarki Delu tana gaishe ki. Gwiwar nan ce dai har yanzu. In ta tafi rijiyar bakin fadama da hantsi ba ta dawowa sai rana ta take tsaka, tana tafe tana tsayawa gindin kowace bishiya kamar mai zagayen gaisuwa. Na karɓi tulun sau ɗaya don in hutar da ita, na fasa shi a gaban matan unguwa, ta ce in na sake taɓa mata tulu za ta koma gidansu, ita da ba ta da sauran kowa a gidan nasu.

Shi ya sa na kira Bawa mai ginar rijiya ya gina mana tamu a bayan gida. Kin san bana azumi cikin bazara zai faɗo, ba na son ya same ta a kan wannan hanya.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da Bawa ya fara gini, gaba ta fari jar ƙasa ce. Ta biyu marmara, har dagin Bawa ya lanƙwashe. Ta uku toka da gawayi da fasassun tukwane. A ta huɗu sai na ji Bawa ya rafka salati daga ƙasa, ya ce in ja igiya. Na ja ina zaton maciji ya gani, sai ga kwando ya fito da kan mutum a ciki.

Kada gabanki ya faɗi, na yumɓu ne. Bai wuce girman ludayin fura babba ba, an gasa shi ya yi tauri. Yana da gira mai nauyi da ta rufo masa idanu, da ɗan gemu, ya turo baki kamar wanda aka tasa daga barcin rana. Yana da gaskiya, tashinsa muka yi. Ƙashi kuwa babu ko ɗaya, na sa an tankaɗe ƙasar duka. Bawa ya ci gaba da gini yana karanta duk abin da ya haddace, a gaba ta shida ruwa ya ɓullo, garai, mai sanyi, ba ɗanɗanon kanwa.

Kafin mu kai guga labari ya kai masallaci. Malam Siddiƙu limaminmu, wanda ya fara rubuta miki allo, ya zo da kansa ya tsaya kan baƙon namu.

Ya ce, "Albarka, ka san abin da ka tono?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, baƙo ne, bai dai faɗi sunansa ba tukuna."

Bai yi dariya ba. Ya ce gunki ne, kuma wurin nan yana iya zama kufan mutanen da aka halaka, irin Samudawa, waɗanda aka hana Sahabbai shan ruwan rijiyoyinsu. Ya ce kada kowa ya sha sai an bincika. In ta tabbata, a cike ta.

Ni ma na yi nawa binciken, ki saurara. Ƙasa ai kamar tulin tabarmi take, ta sama ita ce ta jiya. Gaba ɗaya zamanin Nasara ne da muke ciki. Gaba biyu zamanin jihadi. Gaba uku Kabi, lokacin da birnin Surame ke da ganuwa. Na tambayi kaina wa ya riga Kabi, na duba cikin kaina kaf ban sami kowa ba sai Fir'auna. Saboda haka na sanar wa unguwa Fir'auna muka tono, ruwan gaba ta shida kuma ragowar ɗufana ne. Mutum uku sun yarda. Innarki ba ta cikinsu.

Ke da ke gidan littattafai, ki duba mana. Mutanen wane zamani ne waɗannan? Mu sha ko mu cike? Rijiya tana nan a bayan ɗaki cike da ruwa, innarki tana wuce ta kullum da tulu a ka. Adamu mai jakuna zai dawo ta nan, ki ba shi amsa.

Allah shi yi miki albarka.

Gwandu, 24 ga Rajab, 1341

Zuwa ga Baba, daga ɗiyarsa Hadijatu. Ina gaishe ka gaisuwar ban girma, ina gaida Inna da jiki. Mu duka lafiya, yara sun ce a nuna musu gurbin haƙorin in kun zo salla. Na aiko wa Inna man shafawa cikin ɗan tandu, a ɗumama shi kafin a shafa.

Baba, na karanta takardarka ni kaɗai na yi dariya har maigida ya leƙo. Ka yi haƙuri, Fir'aunanka ba Fir'auna ba ne. Da farko ma kalmar sarauta ce, kamar a ce Sarkin Kabi. Duk wanda ya hau mulkin Misra a wancan zamani da ita ake kiransa, kamar yadda Farisawa ke da Kisra, Rumawa ke da Ƙaisar. Kuma babu ɗayansu da aka ji ya zo Kalgo.

Zurfin ƙasa ba ya ƙirga shekaru yadda ka ƙirga. Ka tuna shekarar da ruwa ya ci gonarmu ta fadama, damina ɗaya ta binne turken akuya. A kan tudu kuwa sai ƙarni guda ya wuce, wato shekara ɗari, ƙasa ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba. Maganar tabarmi dai ka yi daidai, na ƙasa ya riga na sama. Sai dai wata tabarmar ta fi wata kauri.

Tsakanin Kabi da Fir'auna kuma ka tsallake duniya guda. Masu tarihi suna kiran kowane babban mulki daula, don juyawa yake yi daga hannu zuwa hannu. Kafin Kabi ta tsaya da ƙafarta akwai daular Sanwai a yamma da mu, kafin ita akwai Malle, kafin Malle akwai Gana. A gabas halifanci ya zauna a Sham hannun Banu Umayya, ya koma Bagadaza hannun Banul Abbas har ƙarni biyar. Duk waɗannan bayan hijira ne, wadda muke ƙirga shekarunmu daga ita. Abin da ya gabaci zuwan Musulunci shi ake kira jahiliyya. Rum da Farisa sun tsufa tun kafin nan, Misra kuma ta girme su duka. Mai girar nan naka, ina jin ya riga Musulunci zuwa ƙasar nan, amma wane ƙarni, babu littafin gidan nan da ya san shi.

Labarin da Malam ya bayar kuwa gaskiya ne. A hanyar Tabuka rundunar Musulmi ta sauka a kufan Samudawa, mutane suka ɗebi ruwa suka kwaɓa gari. Aka umarce su su zubar da ruwan, ƙullun kuma a ba raƙuma. Malam bai ƙara ko kalma ɗaya ba, haka abin ya faru.

Amma Samudawa an san su da suna, an san garinsu, an san manzon da aka aiko musu da abin da suka yi wa taguwa, an kuma san azabar da ta sauka a kansu. Don wannan sanin aka hana. Mutanen bayan ɗakinka fa, wa ya ce an aiko musu wani sun ƙi? Wa ya ce halaka su aka yi, ba tashi suka yi don fari ko yaƙi ba? Malamai suna da suna ga waɗanda manzo bai iske ba, ahlul fatra, wato mutanen tsakani, kuma sun bar al'amarinsu ga Allah. Ko kan yumɓun nan ma, ba mu da shaidar bauta masa aka yi. Yana yiwuwa wani ne ya yi kewar ubansa ya gina kamanninsa.

In za a cike duk rijiyar da ke kan kufai, ba a bar ko ɗaya a duniya ba. Alhazan da suka bi ta Misra suna shan ruwa suna alwala a inuwar gine-ginen Fir'auna na gaske. Ruwa da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ake hukunta shi.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka kai wa Malam wannan bayani a zaurensa, kai da shi kaɗai, kada a gaban mutane. Malamina ne, ka bar masa wurin juyawa.

Allah ya ƙara muku lafiya.

Kalgo, 2 ga Sha'aban, 1341

Daga Albarka zuwa ga Hadijatu. Gaisuwa. Muna lafiya, man ya iso, innarki ta ce ya fi wanda Bawa ya taɓa kawo mata, mai warin tsohon ɗan akuya. Ki zauna kafin ki karanta sauran, ubanki ya yi abin da ya saba.

Adamu ya miƙo mini takardarki a ƙofar masallaci ana jiran azahar. Warƙa biyu, rubutu tsaf kamar na alƙali. Mai hankali gida zai kai ta ya karanta tukuna. Ni kuwa na ga unguwa duk tana zaune, na ce yau za su san wanda ya haifi malama. Na miƙe na yi gyaran murya, na ce, "Jama'a, amsa ta zo daga Gwandu."

Kin san karatuna, tafiyar jaki ne a cikin yashi. Na bi Kisra da Ƙaisar ina tuntuɓe. Da na zo inda kika sauke Fir'aunana daga sarauta aka yi mini dariya, na haɗiye. Na ja su ta Malle da Gana da Bagadaza, tsoho Abu har ya yi gyangyaɗi. Sai na kai ƙarshen warƙar fari, na karanta da babbar murya, "Malam bai ƙara ko kalma ɗaya ba, haka abin ya faru."

Nan ladan ya ta da iƙama.

Hadijatu, ban taɓa salla da zuciya biyu irin ta ranar ba. Ana sallamewa na zaro warƙa ta biyu na ce, "Da saura." Malam Siddiƙu ya ce, "Abin da ya kamata a ji an ji. Ɗiyarka da kanta ta shaida." Mutane suka fara neman takalma. Na leƙa warƙar na ga ta fara da "amma", na ɗaga murya na ce, "Akwai amma! Ku tsaya, akwai amma!" Wani ya ce kullum Albarka da amma yake kwana.

Da na tsaya nan da sauƙi. Raina ya ɓaci, bakina kuma ba ya shawara da ni. Na ce, "Ni dai na ga abin da ya sa Malam ba ya son baƙon nan. Ku dubi girar, ku dubi bakin. Mutum ba ya son a tono ɗan'uwansa."

Aka fashe da dariya. Abin da ya fi muni, akwai kama tsakaninsu. Malam ya naɗe buzunsa ya tafi. Kafin la'asar an jibga ƙaya a bakin rijiya.

Sai da na koma gida na karanta warƙa ta biyu har ƙasa, na ga inda kika ce kai da shi kaɗai, kada a gaban mutane. Na karanta wa innarki. Ta dube ni ta ce, "Ita ta san ubanta, ai da a sama ta rubuta." Ta ɗauki tulunta ta fita.

Na je zauren Malam sau biyu da warƙar, an ce yana hutawa. Yanzu ko ya karanta ya ga gaskiyarki, in ya janye za a ce barkwancin Albarka ya kayar da liman. Ni na toshe masa hanya da hannuna. Ki gaya mini yadda zan yi.

Kalgo, 16 ga Sha'aban, 1341

Hadijatu, gaisuwa. Lafiya dai? Adamu ya zo sau biyu hannu wofi. Na ce ya zazzage mangala ko ta maƙale, ya ce shi takarda ba ta maƙale masa.

In fushi kike yi, kina da hujja, amma ki yi shi a rubuce. Na saba da faɗa, shirun ne ban iya ba.

Ga inda ake. Dattawan unguwa sun tsayar ranar Juma'ar ƙarshe kafin azumi za a cike rijiyar, bayan an sauko. Bawa ya ce shi bai taɓa binne ruwan da ya tono ba, zai tafi Ceberu aiki don kada ya gani. Shekaranjiya gwiwar innarki ta ƙi a hanya, ta zauna gindin tsamiya har wata mata ta ɗauko mata tulun. Ba ta gaya mini ba, a bakin matar na ji. Yau ba ni da abin dariya da zan rubuta miki, na nema ban samu ba.

Baƙon yana cikin rumbu, na kifa masa ƙwarya. Shi kaɗai ne a Kalgo bai ce mini kome ba.

Gwandu, 20 ga Sha'aban, 1341

Zuwa ga Baba. Ina gaisuwa, ina neman gafara. Lafiyarmu ƙalau. Ba zan ɓoye maka ba, takardarka ta kwana huɗu ƙarƙashin buzu don haushi. Daga nan aka kira ni Masama, ɗaya daga cikin ɗalibaina ta sha wuyar haihuwa, na yi kwana tara a can. Allah ya sauke ta lafiya. Na dawo na tarar da ta biyun, na karanta zancen tsamiya, na kasa cin abinci. Laifina ne da na sa roƙona a ƙasan warƙa. Inna ta yi gaskiya.

Ka bar warƙa ta biyu, ta riga ta mutu. Duk hujjar da ta fito daga hannunka yanzu Malam ba zai iya karɓa ba. Sai wadda ta fito daga bakinsa.

Ga wata 'yar takarda a ciki, tasa ce. Na bar ta a buɗe don na san ko na liƙe za ka buɗe. Ga abin da na ce:

"Allah gafarta Malam. Ɗalibarka Hadijatu tana durƙusawa tana gaisuwa. Matan da nake koya wa sun kai labarin Makka kafin Musulunci, sun tambaye ni yadda aka sake tono Zamzam bayan ta ɓace. Tun ina riƙe da allo na ji shi a zaurenka, kuma ban ji wanda ya iya ba da shi kamarka ba. Ina so in ba su shi daga bakinka. Ka tunasar da ni abin da mai tonon ya tarar a cikin ramin, da abin da ke tsaye a gefen wurin a lokacin. Allah ya ƙara wa Malam lafiya."

Kada ka tambaye ni abin da aka tarar. Ba zan gaya maka ba, don kafin ka kai zauren Malam rabin Kalgo sun ji.

Ga naka aikin, Baba, kuma ka yafe mini ɗiya tana tsara wa uba. Ka je da goro. Ka ba shi haƙuri kan maganar gira, haƙuri na gaske, ba irin wanda kake bayarwa kana murmushi ba. Ka miƙa takardar ka tashi. Kada ka ambaci rijiya. Bayan nan, duk abin da Malam ya faɗa a gaban mutane, ko ya ce shi ya gano, ko ya ɗora maka laifi, ka yi shiru. Kada ka ce ɗiyata ce. Kada ka ce dama na faɗa. Na san abin da nake nema a wurinka ya fi ginar rijiyar wuya. Ka dubi gwiwar Inna ka daure.

Kalgo, 3 ga Ramadan, 1341

Daga Albarka zuwa ga ɗiyata Hadijatu, malamar Gwandu da kewaye. Barka da shan ruwa, ke da gidanki duka. Muna lafiya, azumi ya zo da zafinsa kamar yadda aka yi zato.

Na je da goro. Na durƙusa na ba da haƙuri, fuskata a ɗaure har ta yi mini ciwo. Malam ya ce ya wuce. Na miƙa takardarki, ya karanta, ya sake karantawa, ya ɗago ya dube ni ta ƙarƙashin girar nan, na dubi ƙasa da sauri don kada Shaiɗan ya sami ƙofa. Ya ce, "Ka gaida gida." Na tashi. Kwana uku ban ji kome ba.

Ranar Juma'a aka sauko, mutane suka biyo ni gida da fartanyu da kwanduna. Innarki ta shige ɗaki ta saki asabari. Har an fara janye ƙaya sai ga Malam da sandarsa. Ya ce a shimfiɗa masa buzu a bakin rijiyar. Ya zauna ya ce, "Kafin ku zuba ƙasa, wa ya san yadda aka tono Zamzam?"

Sai ya fara. Hadijatu, kin yi gaskiya, mutumin nan ya iya ba da labari. Ya ce wata ƙabila ce, Jurhumawa, ta riƙe Makka a can da, da aka ci su da yaƙi suka binne rijiyar suka tafi, ta ɓace zamani mai tsawo. Kakan Annabi, tsira da aminci su tabbata ga Manzo, shi aka nuna wa wurin a mafarki. Ya ce wurin kuwa tsakanin gumaka biyu yake, inda mutanen jahiliyya ke yanka. Da ya tona, kafin ya kai ruwa sai da ya fito da barewa biyu na zinariya da takubba da sulke, kayan mutanen da suka shuɗe.

Ya tsaya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Gumaka a gefenta, siffofi a cikinta. To wa ya taɓa jin an ce a cike Zamzam?"

Tsoho Abu ya ce, "Samudawa fa, Malam?"

Ya ce, "Samudawa an faɗa mana laifinsu. Waɗannan wa ya faɗa mana nasu? Na ce a dakata a bincika, na kuwa bincika." Ya sa aka ja guga. Ya duba ruwan a ƙwarya, ya shinshina, ya kurɓa, ya yi bisimilla ya shanye. Ya ce kan yumɓun a kai shi bayan gari a mayar da shi ƙasa yadda yake, kada a fasa, kada a ajiye a gida.

Sannan ya juyo kaina a gaban kowa ya ce, "Da tun farko an zo an tambayi masu sani, maimakon a tsaya ƙofar masallaci ana karanta rabin takarda, da baiwar Allah nan matarka ba ta yi wata guda tana wahala ba. Ko ba haka ba, Albarka?"

Ɗiyata, amsa bakwai ta zo mini a lokaci ɗaya, kowace ta fi 'yar'uwarta daɗi. Ɗaya har ta kai haƙora, ta sami gurbin nan tana neman fita. Unguwa duk ta zuba mini ido, sun san ni, har wasu sun fara murmushi tun ban buɗe baki ba. Na hangi asabarin ɗakin innarki yana motsi.

Na ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam."

Wani ya tambaya ko ba ni da lafiya.

Da mutane suka watse na raka Malam ƙofar gida. Ya rage murya ya ce, "Ka gaya wa Hadijatu amsar matanta tana tafe a rubuce. Ka kuma ce mata na gane. Ta iya tambaya." Ya tafi bai waiwayo ba.

Baƙonmu mun kai shi bayan gari ni da Bawa, wanda ya fasa zuwa Ceberu. Na tona masa rami mai kyau a gindin kalgo, na ce ya yafe tashin da muka yi masa. Ko mutumin Gana ne, ko ya girmi Gana, ya koma barcinsa.

Yanzu taku goma sha ɗaya ne daga ƙofar innarki zuwa ruwa, na ƙirga. Matan unguwa ma nan suke ɗiba, har da na gidan Malam. Na tambaye ta ko tana da saƙo a rubuta miki. Ga shi yadda ta faɗa, ban gyara ba.

"Ka ce mata gwiwa ta yi sauƙi, Allah shi yi mata albarka. Ka ce mata da can ina fita da hantsi in dawo da azahar, kunnena ya huta. Yanzu kafin rana ta ɗaga na gama aikin ruwa, sai in wuni a gida da ubanta, yana biya mini amsoshi bakwai ɗin nan da bai ba Malam ba. Ta roƙa mini haƙuri a cikin watan nan."

Wassalam, daga mahaifinki.